Ken Buchanan: zakaran da aka fi tunawa da daren da ya sha kaye

Kawun Samari:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jiya da daddare wani ɗana a nan ya jero sunayen waɗanda Roberto Durán, ɗan damben boksin na Panama, ya doke, ya sa Ken Buchanan a tsakiya kamar mai ƙirga buhunan gero, bai ƙara ko kalma ɗaya a kansa ba. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na buɗe wannan magana.

Mutumin nan ɗan Edinbura ne, babban birnin Sukotland. An haife shi a 1945, ya rasu ranar 1 ga Afrilu 2023 yana da shekara 77. Ya yi dambe 69 a matsayin ƙwararre, ya ci 61, aka ci shi 8. A ajin marasa nauyi yake, wato waɗanda ba su wuce fam 135 ba, kilo 61 da ɗan ɗoriya. Amma ba lissafin ne ya sa nake girmama shi ba. Ku duba inda ya yi dambensa na kambun duniya: San Juan, Los Angeles, New York sau biyu, Tokiyo. Ko sau ɗaya bai yi na kambun duniya a ƙasarsa ba. Kullum shi ne baƙo, kullum jama'ar fili na wancan ne. Duk wanda ya san dambe ya san abin da hakan ke nufi idan aka kai ga ƙirga maki.

Amma da zarar an ce Buchanan, sai a ce "wanda Durán ya nausa a ƙasan cibiya." Shi ke nan? Rayuwar mutum gaba ɗaya a dunƙule ta cikin daƙiƙa ɗaya?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam Kawu. Ni ne na yi jerin, kuma ban yi don raini ba, Allah ya sani. Amma ku yi haƙuri in faɗi gaskiyata: na kalli damben nan nasa da Durán na 26 ga Yuni 1972 a filin Madison Square Garden na New York daga farko har ƙarshe a YouTube. Tun a turmin farko Durán ya sa safar hannunsa ta taɓa ƙasa. Daga nan bai bar shi ya numfasa ba. Lokacin da aka tsayar da wasa bayan turmi na 13, alƙalai duka ukun Durán suka bai wa rata mai nisa. Ko da babu wannan naushin, saura turmi biyu kacal. Me zai canza?

Kawun Samari:
Za mu zo kan Durán, ɗana, ba gudunsa nake ba. Amma ka fara da inda ya kamata a fara.

26 ga Satumba 1970, San Juan ta Puerto Rico, filin Hiram Bithorn, fili ne a buɗe, da rana tsaka. Ismael Laguna na Panama ke riƙe da kambun ƙungiyar damben duniya ta WBA, mutum ne da ya saba da irin wannan zafin tun yana yaro. Aka ɗauko Bature daga ƙasar da rana ke wuyar gani, aka tsayar da shi turmi 15. Har sai da mutanen kusurwarsa, cikinsu har da mahaifinsa Tommy, suka aro laima a cikin 'yan kallo don a riƙa yi masa inuwa a lokacin hutu. Waɗanda suka shirya wasan sun ɗauka rana za ta gama da shi kafin Laguna ya gama. Sai ga shi a turamen ƙarshe shi ne mai sauran ƙarfi. Alƙalai biyu suka ba shi, ɗaya ya bai wa Laguna. Ya ɗauko kambu.

To da ya sauka a gida fa? 'Yan gidansu ne kawai suka tarye shi a filin jirgi.

Malam Na-Zariya:
Kawu, bari in ƙara bayani a nan don matasa su gane dalilin da bai kare kambun a gida ba, kada a ɗauka son ransa ne. A lokacin hukumar damben Birtaniya ba ta ga maciji da WBA, tana tare da ɗaya ƙungiyar damben duniya, WBC, ne. Don haka a idonta kambun da ya ɗauko daga San Juan ba kambu ba ne. Rikicin manya a ofis, ɗan dambe ne ya biya. Sai a Fabrairun 1971 da ya je Los Angeles ya doke Ruben Navarro ya haɗa da na WBC, sannan kowa ya yarda shi ne zakaran duniya ba tare da jayayya ba. Kuma ba a daɗe ba WBC ta ƙwace nata, saboda ya zaɓi sake karawa da Laguna maimakon Pedro Carrasco na Sifaniya da suke so ya fuskanta.

Shagon Ƙauye:
Ni mutumin damben gargajiya ne, boksin ɗin nan jefi-jefi nake kallo. Amma maganar baƙunta na fahimce ta sarai. Ɗan dambe ya je garin da ba nasa ba, makaɗa ba nasa ba, masu kirari ba nasa ba, in bai yi kisa a fili ba da wuya a ce shi ya fi. Wannan kuma kun ce da maki ya ci, har turmi 15. Mu turmi uku ake yi, kuma mun san yadda ake haki a na ukun. Lallai yana da zuciya.

Ɗan Fagge:
Ban musa yana da zuciya ba. Amma yawan cin da maki ai alama ce ta rashin nauyin hannu. A cikin 61 ɗin, 27 kawai ya gama kafin lokaci. Durán kuwa ba a banza ake ce masa mai hannun dutse ba.

Malam Na-Zariya:
Ɗan Fagge, a nan kam ka yi kuskure. Dambe ba naushi kaɗai ba ne. Ka koma ka kalli hagun Buchanan. Zungura yake da ita ba ƙaƙƙautawa, biyu, uku a jere, ƙafafunsa na zagaye, abokin karawa bai samu inda zai dasa ƙafa ya kai duka ba. Eddie Thomas, mutumin Merthyr Tydfil a yankin Wales, shi ya riƙe shi tun da ya shiga ƙwararru a 1965, kuma shi ne ya riƙe Howard Winstone wanda shi ma da irin wannan hagun ya zama zakaran duniya. Makaranta ce guda.

Ka nemi damben da ya yi da Donato Paduano a Madison Square Garden, Disambar 1970. Paduano ya fi shi nauyi, ajin sama yake. 'Yan kallon New York, waɗanda ba su da haƙuri da mai ja da baya, sai da suka miƙe suna tafa masa. A shekarar ce marubutan dambe na Amurka suka zaɓe shi gwarzon shekara. Ka tuna su wa ke fage a 1970: Joe Frazier na riƙe da kambun manya masu nauyi, Muhammad Ali ya dawo daga dakatarwa. Amma ɗan Edinbura suka bai wa.

Kawun Samari:
Madalla Malam, ka tuna mini. A daren nan ne Ali ya kara da Oscar Bonavena, kuma ɗakin canza kaya ɗaya suka yi da Buchanan, don mai horar da Ali, Angelo Dundee, ya roƙi a ba su wuri. Buchanan da bakinsa yake ba da labarin cewa alli ya ɗauka ya ja layi a tsakiyar ɗaki, ya ce wa Ali ga iyakarka, kada ka tsallako. Ɗaki ya yi tsit, sannan Ali ya fashe da dariya. Yaro ɗan shekara 25 ke nan da bai san tsoro ba.

Mai Zarto:
Salamu alaikum. Ni abin da ya ja ni cikin maganar nan shi ne na ji an ce kafinta ne. Da gaske ne Kawu? Don sana'ata ke nan shekara 19.

Kawun Samari:
Da gaske ne, Mai Zarto. Ya koyi kafinta tun yana saurayi, har laƙabin da ake masa ke nan, kafinta mai dambe. Kuma ba sunan banza ba ne. A 1968 ya doke Maurice Cullen a Landan a turmi na 11 ya zama zakaran Birtaniya, amma kuɗin da ke shigowa ba su taka kara sun karya ba. A 1969, yana ɗan shekara 24, ba a taɓa doke shi ba, ya ce ya bar dambe ya koma kan katako. Rasuwar mahaifiyarsa a wannan shekarar ce ta sa ya sake shawara ya dawo. Bayan ya gama dambe gaba ɗaya kuma, guduma da zarto ya sake ɗauka.

Mai Zarto:
Allahu akbar. Wato mutum ya tsaya a gaban dubban jama'a a Amurka, sannan ya dawo yana auna katako ana biyansa ladan yini. Wallahi ni ban ga abin kunya a ciki ba, sana'a sa'a ce, kuma ita ta rufa masa asiri. Abin da ya dame ni shi ne ina kuɗin suka tafi?

Ɗalibin Edinbura:
Ina karatu a garin nan, shekarata ta biyu ke nan, don haka bari in sa baki. Bayan ya yi ritaya a 1975 ya buɗe otal a nan Edinbura. Aurensa ya mutu, otal ɗin ya fita daga hannunsa, shi ya sa ya dawo dambe a 1979 yana ɗan shekara 34. Rabin kayen da ke cikin tarihinsa ko fiye a wannan dawowar ya sha su. Charlie Nash ya ci shi da maki a Kofanhegan, har Zimbabwe ya je a 1981 Langton Tinago ya ci shi, na ƙarshe kuma George Feeney a Janairun 1982. Daga baya ya yi fama da giya, shi da kansa bai ɓoye ba.

Akwai mutum-mutuminsa a saman titin Leith Walk, kusa da cibiyar kasuwanci ta St James, ina wucewa ta wajen in zan shiga gari. A Agustan 2022 aka buɗe shi, wata takwas kafin rasuwarsa. An kawo shi wajen bikin, amma a lokacin ciwon mantuwa ya riga ya kama shi, yana gidan kula da tsofaffi. Shekara 52 tsakanin San Juan da wannan ranar.

Hajiya Maman Ihsan:
Ɗana, wannan layin naka na ƙarshe shi ya sa na kasa yin shiru. Aikin jinya nake, kuma na yi shekaru ina kula da tsofaffi masu ciwon mantuwa. Ku maza kuna ta lissafin turmi 15 kamar abin alfahari ne kawai. Ni idan na ji turmi 15, kai nake tunani, da ƙwaƙwalwar da ke girgiza a cikinsa minti 45. Ban ce dambe ne ya jawo masa ciwon ba, don na ga waɗanda ba su taɓa sa safar dambe ba sun kamu. Amma likitoci sun daɗe da sanin cewa yawan bugun kai na lalata ƙwaƙwalwa. Kuma ku lissafa, yana ɗan shekara 8 ya shiga kulob ɗin Sparta, ya bari yana 36.

Na ga yadda mutum ke kallon hoton aurensa bai gane matar ba. Sai ka girmama mutum lokacin da ƙila ba zai riƙe abin a ransa har gobe ba? Da a 1971 aka yi masa, ai da ya fi.

Malam Na-Zariya:
Hajiya, gaskiya kika faɗa, kuma masu dambe da kansu sun yarda. Bayan mutuwar Kim Duk-koo na Koriya ta Kudu sakamakon dambensa da Ray Mancini a Nuwambar 1982, WBC ta rage damben kambu zuwa turmi 12, sauran ƙungiyoyin suka biyo baya cikin shekarun 1980. A ajin Buchanan ɗin ma abin ya faru.

Kuma ga wani abin da yau ba za a bari ba. A karawarsa ta biyu da Laguna, Satumbar 1971 a New York, ƙasan idonsa na hagu ya kumbura har ya kusa rufewa. Eddie Thomas ya ɗauki reza ya tsaga kumburin don jini ya fita ya samu gani. Haka ya ci gaba har turmi 15, ya kuma ci.

Hajiya Maman Ihsan:
Innalillahi. Reza, a fuskar ɗan mutane, a gaban mahaifinsa.

Ɗan Fagge:
Na ji duka, kuma na ƙaru, musamman maganar Laguna da ban sani ba. Amma Kawu kun yi alkawarin za a zo kan Durán. Kuma wani gyara: ba a yi watsi da shi gaba ɗaya a gida ba, ai Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girmamawa ta MBE a 1972, an kuma sa shi a zauren gwarazan dambe na duniya a 2000.

Kawun Samari:
Na karɓi gyaran lambar. Zauren gwarazan kuwa a Amurka yake, ka ga maganata ce ka ƙarfafa.

To ga Durán. Ban taɓa cewa Buchanan ke kan gaba ba. Durán ɗan shekara 21 ne a daren, yunwa a cikinsa, gogaggen mai horarwa Ray Arcel a kusurwarsa, kuma ya fi ƙarfi. Buchanan kuwa ya rabu da Eddie Thomas kafin wasan, Gil Clancy ne ya tsaya masa. Duk na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda aka gama. An kaɗa ƙararrawar ƙarshen turmi na 13. Naushi ya sauka a ƙasan bel. Mutum ya faɗi yana birgima, fuskarsa a murtuke don azaba. Alƙalin wasa Johnny LoBianco ya ɗaga hannun wanda ya yi dukan. Zakara ake karɓe wa kambu fa, ba ɗan koyo ba. In za ka karɓa, ka karɓa da tsabta.

Kuma kada ka ce turmi biyu ba komai ba ne. Buchanan mutumin ƙarshen wasa ne, San Juan ta nuna haka. Durán kuwa bai taɓa yin turmi 15 ba a rayuwarsa kafin wannan daren. Ban ce da ya ci ba. Na ce haƙƙinsa ne ya gama a tsaye, an hana shi.

Ɗan Fagge:
Amma Kawu, su biyun ne ke ta kai duka bayan ƙararrawa, ba Durán kaɗai ba. Kuma in kun duba, alƙalin ya riƙo Durán ta baya daidai lokacin da hannunsa ke tafiya, hakan na iya karkatar da naushi ƙasa. Su kansu mutanen Buchanan ba su daidaita ba, Clancy cewa ya yi gwiwa ce, ba hannu ba.

Malam Na-Zariya:
Ku duka kuna da rabon gaskiya, amma laifin na doka ne fiye da na Durán. Tun 1930, da Max Schmeling ya zama zakaran manya yana kwance saboda Jack Sharkey ya doke shi a ƙasan bel, New York ta ɗauki tsarin cewa ba a cin wasa da kukan an doke ni a ƙasa, tunda kowa na sanye da kariyar gaba. Da wannan tunanin alƙalin ya yi hukunci, har ma ya ce shi a ciki ya ga naushin ya sauka. A ƙa'idar yau, wanda aka doka a ƙasan bel ana ba shi har minti 5 ya farfaɗo. Da an ba Buchanan wannan, da ba ma wannan gardamar.

Kawun Samari:
Ka kawo ni inda nake so, Malam. A ce kuskure ne. Maganin kuskure a dambe ai sananne ne, a sake karawa. An sa hannu a takarda, ɓangaren Durán da manajansa Carlos Eleta suka zame, har hukumar wasannin New York ta dakatar da Durán a 1973 kan haka. Wata uku bayan daren nan Buchanan ya dawo fili guda ya gama da Carlos Ortiz, tsohon zakaran duniya, a turmi shida. A shirye yake. Durán ya riƙe kambun har 1979, ya kare shi sau 12, ya bai wa kowa dama ban da mutum ɗaya. Ɗan Fagge, in ka tabbata ka fi mutum, me zai hana ka sake nuna masa?

Ciwon kuma bai bar shi ba. Shekaru da yawa yana cewa duk lokacin da ya je fitsari sai ya tuna da Durán.

Ɗan Fagge:
A kan rashin sake karawa kam ba ni da amsa. Na sallama wannan. Amma har yanzu ina kan cewa ko sau uku suka haɗu Durán zai ci.

Shagon Ƙauye:
Wannan sai Allah. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, su kuma an ɗauke kwanon tun da sauran miya.

Ɗalibin Edinbura:
Wani abu da nake ji a bakin tsofaffin garin nan: in ka ce Buchanan sai wani ya ce Jim Watt. Watt ɗin ɗan damben Gilasgo ne, kuma tsakanin Gilasgo da Edinbura akwai 'yar tsama ta tun fil azal. Sun kara a Gilasgo a Janairun 1973, Buchanan ya ci da maki bayan turmi 15, ya mallaki bel ɗin Lonsdale, wanda ake bai wa zakaran Birtaniya, ya zama nasa na har abada. Amma Watt ne ya samu abin da Buchanan bai samu ba. A Afrilun 1979 ya ci kambun WBC a Kelvin Hall, a garinsu, a kan Alfredo Pitalua, ya kare shi sau huɗu duk a Gilasgo, har da filin ƙwallo na Ibrox, kafin Alexis Argüello ya karɓe a 1981.

Malam Na-Zariya:
Kuma Watt ɗin nan ya zo Najeriya. A 1975 a Legas ya kara da ɗan ƙasarmu Jonathan Dele kan kambun ƙasashe renon Ingila, Dele ya ci shi da maki. A shekarar ce shi ma Buchanan ya je Tokiyo neman kambun WBC, Guts Ishimatsu ya ci shi da maki a turmi 15. Kafin nan a 1974 ya je Cagliari ta Italiya ya kwantar da Antonio Puddu a turmi na 6 a gaban mutanensa ya ɗauko kambun Turai. Kun ga dai, ko na Turan ma a gidan wani ya karɓo.

Mai Zarto:
To a cikin 'yan baya babu wanda ya kula da shi kafin ya rasu?

Ɗalibin Edinbura:
Akwai, Josh Taylor, ɗan Prestonpans, wani gari a gefen Edinbura. Tun yana tasowa a kulob ɗin Lochend Buchanan kan leƙa wajen. A Mayun 2021 Taylor ya doke Jose Ramirez a Las Vegas ya haɗa bel huɗu na ajin fam 140, shekara 50 bayan Buchanan ya haɗa nasa a Los Angeles. Da ya dawo, ya kwashi bel ɗin duka huɗu ya kai wa tsohon har inda yake zaune. Akwai hoton, Buchanan na murmushi, bel a jikinsa.

Hajiya Maman Ihsan:
Wannan yaron ya san ya kamata. Masu irin ciwon nan ko sun manta suna, sukan gane abin da hannunsu ya saba taɓawa. Ina kyautata zaton ya gane nauyin bel ɗin.

Ɗan Fagge:
Kawu, na sauke damben Laguna na biyu, yau da dare zan kalla. In akwai na Paduano mai kyan hoto a wajen wani, a turo mini.

Kawun Samari:
Ka kalla, amma kada ka bi hannun dama, ka sa ido a kan hagu da ƙafafu. Za ka gane shi da gajeren wandonsa mai gida-gida, yadin gargajiyar mutanen Sukotland. Ka lura da idon nan daga tsakiyar wasa, sannan ka ƙirga sau nawa ya ja da baya a turmi ukun ƙarshe. Gobe bayan la'asar ina nan, ka zo mini da lissafin.